Shekarar da Na Dafa Anza da Ruwa Ɗaya

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, babu dabbar da ta yi magana a cikinsa. Da idona na gani, da hannuna na aikata.

Kaka ta yi. Gero na jingine a bakin rumbu dami-dami, gyaɗa na shanye a tsakar gida, kabewa ta hau dangar bayan ɗaki har ta kwantar da ita. Shekaranjiya jikata Rabi ta zo daga Daura da 'yarta a goye, ta ce yau ita za ta yi mana girki. Ta fere kabewa, ta dafa, ta tuƙe ta sumul, ta zuba madarar gwangwani da ɗan masoro, tana yi tana duba waya. Ta ce haka mutanen wata ƙasa mai sanyi suke yi idan ganyen itatuwansu ya fara zuba.

Na ce, "Babu yakuwa?"

Ta ce, "Babu, Iya."

"Babu daddawa? To da wane tuwo ake cinta?"

"Sha ake yi, da cokali."

Na ce, "Wannan ai kunu ne ya ɓata hanya ya faɗa tukunyar miya."

Tana dariya, sai idonta ya kai kan ƙwaryar da ke bakin ƙofata, wadda na jiƙa 'ya'yan anza a ciki. Ta ce, "Iya, har yanzu? Gida cike da gero, amma kowace kaka sai kin jiƙa wannan abu mai wari?" Tun tana ƙarama take yi mini wannan tambaya, ina cewa sai ta girma. To yanzu ta yi goyo. Na ce ta zauna. Abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku.

Shekarar da nake magana, ba a daɗe da kawo shari'a ba. Ina tunawa ne domin a lokacin kiɗan gayya ya yi sanyi a gonaki, maza suka koma noma babu ganga, sai ƙarar hauya. Garinmu ɗan ƙauye ne arewa da Zango, idan ka hau tudun bayan gari kana hango itatuwan Nijar. Malam, mai gidana, ya rasu da shekara biyu. Gida ya rage mu huɗu: ni, da autana Sale, da matarsa Abu, da 'yarsu ta fari, wannan Rabin.

Abu daga ƙetare aka kawo ta, wani ƙauye wajen Magariya, can Nijar. Ba ta taɓa yi mini magana a tsaye ba, sai a durƙushe, ido a ƙasa. Kuma kamar yadda aka san 'yar da ta samu tarbiyya, ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarta idan ina wurin sai na ce ta ɗauka. "Waccan" take ce mata. Ina jin daɗin haka, ina yabonta a cikin mata. Ni ma haka na yi da ɗana na fari. Har ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, muka yi shuka muna murna. Gero ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, sai sama ta bushe. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya, mu jera ƙore a gindin indararo, sai ya watse ya bar mu da zufa. Gobe haka, jibi haka. Ƙasa ta yi zafi har ba ta takuwa, shuka ta lanƙwashe ta ƙone. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka, irin kuwa daga cikin abincinmu aka ɗebo shi. Ta haka kaka ta ja baya, gindin rumbu kuma ya matso kusa. Lokacin da ya kamata a ce muna karyo sabon gero muna gasa tumu, geronmu ko ciki bai yi ba.

Sai marka ta kama. Ruwa yau, ruwa gobe, itace a jiƙe, hayaƙi na cin ido. Gona ta yi kore shar, gwanin kyau, amma babu abin kaiwa baki a cikinta. Da sassafe Sale ya tafi gona da ruwa zalla a ciki. Abu ta ɗauki ƙwarya ta shiga daji, ta tsinko tafasa da rama, ta haɗa da zogalen danga. Ni kuma in auna gari da ludayi. Da fari ludayi huɗu, sannan uku, sannan biyu, har ganye ya rinjayi gari, tuwo ya koma kore. Ka ci ka tashi, kafin ka wanke hannu ciki ya fara tambaya.

Ni kuwa an san ni da girki. Uwata mai miyar taushe ce da ake labari, ni na gaje ta. Suna ko biki, ni ake kira in tsaya kan tukunya. Gidan Malam ba a taɓa jin ya kwana babu tuwo ba. Da aka yi shela cewa an tara hatsin zakka a ƙofar mai gari, wanda gidansa ya gaza ya zo, Sale ya tsuguna a gabana ya ce, "Inna, ko in je?"

Na ce, "Ka je ka tsaya da buhu a hannu, a nuna ka a ce ga ɗan Malam? Sai dai bayan raina."

Ya sunkuyar da kai ya tashi.

Saboda haka kowace la'asar sai in zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta daka, don a ji gidan Malam na daka. In hura wuta in ɗora ruwa zalla, don a ga hayaƙi. Wa nake yi wa? Delu, maƙwabciyata, wadda danga ɗaya ta raba mu. Shekara ɗaya aka kawo mu garin muna amare, tun daga lokacin muke tsokanar juna. Ita ma kullum la'asar turminta na amsa nawa. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Hansai, yau me aka samu? Ina ganin hayaƙi, ban ji ƙanshi ba."

In ce, "Hancinki ne ya tsufa, Delu."

Ta ce, "Ya tsufa tare da hannun mai miya."

Ana cikin haka Abu ta samu ciki, ya zama dole a yaye Rabi tun ba ta cika shekara biyu ba. Yaye kuwa aikina ne, ni uwar uba. Na shafa wa Abu maɗaci a nono, yarinya ta kama, ta saki da kuka, na goya ta na kai ta ɗakina. Daga ranar ta zama tawa, cinta da shanta da kwananta. Uwar ba ta da bakin magana a kanta.

A shekara mai kyau 'yar yaye fura da nono take sha, a yanka mata kaza. Rabi kunu tsararo ta samu, akuyar da muke tatsa tuni an kai ta kasuwa. Kafin sati uku gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka fara kumburi. Idan na danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba. Da fari tana kuka. Daga baya ta daina, sai kallo, wannan kuwa shi ya fi ba ni tsoro. Abu takan wuce ta ƙofar ɗakina da tulu a ka, ta rage tafiya, ba ta juyo ba. Ina ganin wuyanta yana so ya juya, tana hana shi.

Ranar wata kasuwar Zango, yayan Abu ya biyo da ɗan buhu a bayan keke, ya ce tsohuwarsu ta ce a kawo mana. Na kwance baki, na ga 'ya'yan anza, busassu, an ɓare su, kamar ƙananan wake masu ɗan kore. Anza na san ta, itace ce a daji. Na ji tsofaffi suna cewa an ci 'ya'yanta a wata yunwa da aka yi tun ba a haife ni ba, amma ban taɓa ganin an dafa ba. A wajenmu idan aka ce gida na cin anza, to an gama faɗin komai game da gidan.

Abu ta durƙusa ta ce, "Inna, can wajenmu dilo muke ce masa idan an dafa. Yana riƙe ciki kamar wake. Sai dai yana son ruwa, sai an..."

Na ce, "Ya isa."

Daidai nan Delu ta leƙo ta saman danga. "Baƙi aka yi? Me surukai suka kawo?"

Na zauna kan buhun na ce, "Wake ne."

Da ta sauka, na rage murya na ce wa Abu, "Duk wanda ya jiƙa wannan, ruwansa zai bi magudana ya wuce ta ƙofar Delu, warinsa ya gaya wa gari halin da muke ciki. Kada in ga an taɓa shi."

Abu ta dubi buhun. Sannan ta ce, "Inna, ba don mu ba ne. Don mutanen ɗakinku ne."

Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan game da 'yar da ta haifa. Na ce, "Mutanen ɗakina ni ke da su." Ta ce, "To." Na tura buhun ƙarƙashin gadona.

Bayan sati guda Sale ya tafi ƙwadago wajen Mashi, ya ce kwana huɗu zai dawo da hatsi. Gero ya fitar da kai, yana bununi. Masu sani suka ce saura kwana goma sha biyar a samu tumu. Na dubi ƙafafun Rabi, na ƙidaya kwana goma sha biyar a yatsuna, na sake duban ƙafafun. Gari ya ƙare ranar Talata. Laraba muka dafa ganye zalla. Na ba Rabi, ta ƙi haɗiyewa, ɗan abin da ta haɗiye ya fito yadda ya shiga.

Abin da ya kamata in yi taku goma ne, daga ƙofata zuwa ƙofar Abu, in ce ta koya mini. Na kasa. Ni da ake kira girkin biki, in tambayi yarinyar da na auro wa ɗana yadda ake dafa abinci, abincin ma da na hana da bakina? Na ce a raina, abin da ya yi kama da wake ai dafuwar wake zai ci. Uwata ta koya mini, wake mai taurin kai a jiƙa shi ya kwana, a sa masa kanwa. Na ɗebi ƙoƙo biyu na jiƙa a ƙarƙashin gado, na rufe da faifai.

Alhamis da hantsi Abu ta tafi daji neman ganye. Na tona ɗan rami a bayan ƙofar ɗakina na tsiyaye ruwan a ciki, don kada ɗigo ya fita waje. Na ɗora tukunya, na jefa kanwa. Ya dahu, ya yi laushi, ya yi kyau a ido. Na ɗanɗana, ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro. Nan ma Allah ya buɗe mini ƙofa, ban bi ba. Na ce ai tafasa ma da ɗacinta muke ci. Na zuba gishiri, na daka ƙuli-ƙuli guda biyu da na daɗe ina ɓoyo, na barbaɗa. Na ci loma biyar don gwaji, na ɗan jira, ban ji komai ba. Sai na murje sauran da ludayi, na ɗora Rabi a cinya.

Yarinyar da ɗaci ya raba da nonon uwarta, ita ce ta buɗe baki ta karɓi wannan. Ta yamutsa fuska, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Na yi murna. Allah ya gafarta mini, har 'yar waƙa na yi mata.

Kafin a kira azahar cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Ina dafe da shi sai Rabi ta fara amai, sannan gudawa, ɗaya na bin ɗaya, har babu abin da ke fita sai ruwa. Idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, ta yi laƙwas a kan tabarma. Na yunƙura in ɗauke ta, ƙafafuna suka ƙi. Ko a wannan lokaci ban yi kira ba. Abin da na iya shi ne na ja jiki na rufe tukunya da faifai.

Na ji Abu ta shigo, ta sauke ƙwarya. Wari ya riga ya gaya mata. Ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa kamar kullum.

"Inna, ruwa nawa ya sha?"

"Wane ne?"

"Abin da ke cikin tukunya."

"Ya kwana a ruwa."

"Ruwa ɗaya?"

"Ɗaya."

Ta buɗe baki ta ce, "An ba..." ta kasa ƙarasawa.

Na ce, "Ta ci."

Sai Abu ta miƙe tsaye. Shekara uku tana gidana, sai ranar na san doguwa ce. Ta tsallake ni kamar yadda ake tsallake tabarma, ta sungumi yarinyar, ta girgiza ta, kan yarinya ya langaɓe.

"Rabi. Rabi'atu. Buɗe ido ki dube ni, uwarki ce. Rabi!"

Duk unguwa an ji. Delu ba ta tsaya zagayowa ta ƙofa ba, dangar ta ture ta shigo. Abu ba ta durƙusa mata ba, ba ta gaishe ta ba.

"Gwaggo Delu, gishiri da sukari."

"Gishiri dai akwai."

"Iro yana gida?"

Iro babban ɗan Delu ne, mai babur na haya. Ya zo ya girgiza tankin babur ya saurara, ya ce in Allah ya so zai kai Zango. Abu ta ɗaure yarinyar a bayanta, ga ciki a gaba, ko mayafi babu, sai Delu ce ta cire nata ta yafa mata. Abu ba ta nemi izinina ba. Amma da ta kai ƙofar gida ta juyo ta ce, "Ku ba Inna ruwa da ɗan gishiri, kada ku bari ta daina sha."

Hadari ya riga ya haɗu. Tsakaninmu da Zango kuwa akwai rafi, idan aka yi ruwa mai ƙarfi ko raƙumi ba ya haye shi. Ina kwance ina jin ƙarar babur tana nisa, tsawa tana matsowa, ina auna wanda zai riga wani. Ban daina jin babur ɗin ba aka kece da ruwa.

Delu ta zauna da ni, tana ɗura mini ruwan gishiri da ludayi. Ta buɗe tukunya ta duba, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga buhu.

Ta ce, "Waken surukai ke nan."

Na juya fuska bango. Ta fita cikin ruwan, ta leƙa turmina, ta dawo da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi a tafin hannu. Na jira dariya. Ba ta zo ba.

Ta ce, "Hansai, shekara arba'in ina jin dakanki. Kina tsammani ban san ƙarar turmin da babu hatsi ba? Tun ranar farko na sani."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa, ki ce ke ma kin ji nawa?"

Na juyo na dube ta. Sai a ranar na ga wuyanta ya zama kamar kara, zoben hannunta na yawo a yatsa. Gaskiya na ji nata. Na sani, na ƙi sani.

Iro bai dawo ba sai washegari da hantsi, yana tura babur, laka har gwiwa. Ya ce sun haye rafin ruwa na kai musu cinya, Abu ta ɗora yarinyar a ka. Ya ce a asibiti an sa mata ƙarin ruwa, amma har ya taho ba ta buɗe ido ba, ma'aikaciyar ta ce a jira a gani. Da yamma Sale ya dawo da tiya biyu ta dawa. Delu ta tare shi a ƙofa ta faɗa masa. Ya shigo ya ajiye dawar a gabana, bai ce mini komai ba, ya kama hanyar Zango da ƙafa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar da ƙafafuna suka iya ɗaukata, na kira Iro na ba shi buhu, na ce ya je ƙofar mai gari ya ce gidan Malam ne. Ya dawo da buhun a ninke. Ya ce an rabe hatsin tun da daɗewa.

Sai na jawo buhun anza daga ƙarƙashin gado, na kai shi tsakiyar gida. Na ce wa Delu, "Ban san ruwa nawa yake so ba, amma na san ba ɗaya ba ne." Muka juye shi a babbar ƙwaryar da nake kwaɓa waina ta biki. Safe da yamma ina tsiyayewa, ruwa rawaya mai wari ya bi magudana, ya wuce ta ƙofar Delu, ya fita har kan hanya. Mata suka biyo warin suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a kan ƙwaryar. Babu wadda ta yi dariya. Wata ta ce a hankali, "Idan ya yi, a tuna da mu."

Ni dai hannuna na cikin ƙwarya, kunnena na kan hanya. Kowane motsi a ƙofar gida sai in ɗaga kai. Idan na ga namiji ya nufo gidan yana tafiya a hankali, sai in riƙe numfashi har ya wuce.

Rana ta huɗu da hantsi Abu ta yi sallama, Sale na bayanta. Na kasa duban bayan Abu in ga ko da goyo. Na dubi ƙafafunta da suka kumbura, na dubi fuskar Sale, ban karanta komai ba. Sai na ji ɗan tari daga cikin zani.

Ta kwance goyon, ta durƙusa, ta ajiye yarinyar a gabana, ido a ƙasa kamar ba ita ce ta tsallake ni ba. Ta ce, "Inna, ga 'yarku."

Rabi ta rame ta zama kamar ɗan tsako, amma idonta biyu, tana bin kaji da kallo.

Na ce, "Ba ki jin tsoron ki sake ba ni?"

Ta ce, "Ku ne da yaye."

Na sauko daga kan kujera na zauna a ƙasa daidai da ita, a gaban ɗana, a gaban Delu. Na ce, "Abu, koya mini."

Ta dubi ƙwaryar. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gutsura da haƙorin gaba, ta tofar. Ta ce, "Da saura. Kwana bakwai yake so, Inna, safe da yamma ana sauya ruwa. A ɗan sa masa ruwan toka, yana jawo ɗacin. Kuma ba ƙidaya kaɗai ake bi ba, harshe ake tambaya. Idan ɗaci ya rage ko kaɗan, a ƙara kwana. Sannan a tafasa, a zubar da ruwan farko, a sake ɗorawa."

Kwana bakwai. Na ƙidaya baya a raina. Da an jiƙa shi ranar da aka kawo, da ya nuna tun gari bai ƙare ba. Abu ma ta san wannan lissafi, amma har yau ba ta taɓa yi mini shi ba.

Dawar Sale ta riƙe Rabi da kunu har kwanakin suka cika. Ranar da harshen Abu ya ce ya yi, ta dafa shi, ta haɗa da dafaffen zogale da gishiri da albasa. Ɗaci ya tafi sarai, sai garɗi kamar na gujiya. Gida shida suka ci daga ƙwaryar nan. Delu ta ci, ta lashe yatsa, ta ce, "Hansai, ashe an samu wadda ta fi ki girki, kuma a gidanki take." Na ce haka ne. Ta tsaya tana kallona, domin ba ta saba in bar mata magana ba.

Ba a jima ba Sale ya shigo da zangarniya biyar a hannu. Muka gasa tumu, ƙanshinsa ya cika gida, na murje a tafin hannu na hure, na tauna na ba Rabi. Da kabewa ta farko ta nuna na yi miyar taushe yadda uwata ta koya mini: kabewa, yakuwa, sabuwar gyaɗa, daddawa, babu nama. Tana tafasa Abu ta zo ta durƙusa da ragowar dilo a ƙoƙo, ta ce ko a zuba. Da uwata na raye da ta yi faɗa. Na matsa na ba ta wuri ta zuba da hannunta. Tun daga shekarar, miyar taushen farko a gidan nan ba ta sauka sai da dilo a ciki, ko da rumbu ya cika har baki. Abin da ƙwaryar ƙofata take jira ke nan. Yau kwananta biyar, saura biyu.

A ranar ne kuma na ce wa Abu, "A gidan nan na yafe miki kunyar. Ki kira 'yarki da sunanta." Ta ce, "To, Inna."

Ga inda kowa ya ƙare, daga nan zancena ya tsaya. Cikin da Abu ke ɗauke da shi ta haife shi lafiya bayan an gama girbi, namiji, yanzu shi ke noma gonar Malam. Sale yana sayar da hatsi a Zango, kuma duk marka sai ya bi gidajen unguwa yana sauraren turame, wanda ya ji ƙararsa ta sauya ya aika masa ba tare da an tambaya ba. Iro ya bar haya, ƙafa ta hana shi. Delu ta rasu kaka uku da suka wuce, ta bar wasiyya a ba ni turminta, ta ce wai don in riƙa samun mai amsa mini. Rabi ga ta nan, 'yarta ta fari a cinya, tana kiran sunanta sau ashirin kafin azahar, babu mai ce mata komai. Ni kuma ga ni, haƙora sun tafi, ɗacin lomar nan biyar bai tafi ba.

Abu tana nan, furfura ta fito mata. Shekaranjiya ina gama faɗa wa Rabi wannan labari, tana share ido, sai ga uwar ta fito daga ɗaki. Ta ɗauki cokali ta ɗanɗana kabewar mutanen ƙasar sanyi, ta juyo ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Inna, ku ce wa waccan ta ƙara gishiri."